Bakwai Daidai

Laraba 5 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Wayar Yaya tana aljihuna na dama, tawa tana na hagu. Gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma tana aiki. Ita kam ta fi mai ita sa'a. Astagfirullah, ban san abin da ya sa na rubuta haka ba.

Wannan littafin na shagonmu ne, wanda muke rubuta awon tabarau a ciki. Saura 'yan shafuka a bayansa, na ɗauko don ba ni da wanda zan gaya wa. Matar Yaya tana da nata kukan. Oga kuwa da na fara magana sai ya dafa kafaɗata ya ce "sai haƙuri", ya koma ɗakin awo.

Yaya yana asibiti, hawa na biyu, ɗaki na huɗu, gadon da ke kusa da taga. Bai buɗe ido ba. Likita ya ce a jira. Ba zan rubuta maganar tsanin da ya faɗo daga kai ba, ko abin da mutanen gidan da yake yi wa aiki suka ce sun ji.

Mama ba ta sani ba. Haka muka yanke jiya a barandar asibiti, ni da Matar Yaya. Wata biyu ke nan da yi wa Mama aikin zuciya, likitanta ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi kusa da ita. Tana can garin da muka taso, tafiyar awa huɗu daga nan, tare da ƙanwarta Inna. Ita ma Inna ba mu gaya mata ba, don bakinta rariya ne, ba ya riƙe komai.

Matsalar ɗaya ce. Tunda kunnen Mama ya yi nauyi shekara tara da suka wuce, ba a kiranta a waya, sai tes. Yaya ne ya koya mata, kuma tun daga lokacin bai taɓa tsallake rana ɗaya bai aika mata ba. Ni ranar Lahadi kawai nake yi. In rana ta faɗi ba ta ji daga gare shi ba, ta san ba lafiya.

Shi ya sa jiya da yamma Matar Yaya ta miƙo min wayar, ta faɗa min lambobin buɗewa, ta ce, "Agogo, rubuta mata wani abu. Ni hannuna ba zai iya ba." Na rubuta, "Mama, aiki ya yi yawa yau. Ina lafiya." Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo: "Madalla. Ka ci abinci."

Na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Laraba, ƙarfe 6:45 na yamma

Manhajar tes da ke wayarsa ni na saka masa, bara waccan. Irin wadda nake aiki da ita a shago ce. Da ita nake sanar da mutane tabaransu ya iso, da ita nake tuna musu ranar awon ido. Ka rubuta saƙo, ka zaɓi rana da lokaci, ta sa shi a layi, lokaci na yi ta aika da kanta ko kana wanka. Ranar da na saka masa na zauna na buɗe masa akwatuna: na masu kawo gyaran firji, na masu sayar masa da kayan aiki, na gida. Sau uku ina nuna masa. Ya ce, "Agogo, Allah ya yi maka albarka," ya jefa wayar aljihu. Yau na duba, saƙo dubu biyu da ɗari shida ba a buɗe ba, akwatunan nan kuwa wayam, ko ɓera bai leƙa ba. Abu ɗaya ya koya, yadda ake maƙale hira a sama don kada ta nutse. Ta Mama ya maƙale.

Na yau na aika mata da rana, da hannuna, sai da na goge sau biyar. Ba zan iya haka kullum ba. Da safe ina asibiti, ƙarfe tara ina shago, kaina kuma ba a kaina yake ba. Gara in jera su a layi.

Na duba lokutan da shi yake aikawa, sai da kaina ya sara. Yau tara da kwata, gobe ɗaya da rabi, jibi biyar na yamma. Haba Yaya! Tsohuwa tana zaune tana jira. Tunda abin ya faɗo hannuna, bari a yi shi yadda ya kamata. Na sa ƙarfe bakwai na safe, lokacin da take shan magani da shayi. Na jera huɗu, zuwa Lahadi. Kafin nan ai ya farka ya karɓi abinsa.

Alhamis 6, ƙarfe 7:25 na safe

Ya tafi bakwai daidai. Mama ta amsa saƙon: "Ikon Allah. Ka tashi lafiya?" Ka gani ko, ta ji daɗin samunsa da wuri.

Juma'a 7, ƙarfe 2 na rana

Babu kowa a shago, mai yanka gilashi ya fita cin abinci. Na zauna ina karanta tsohuwar hirarsu don in koyi bakinsa. Shekara tara. Na yi ta ja da yatsa har ya yi zafi a kan tsagar gilashin.

Ba ya ce mata Mama sai in da wata damuwa. Malama yake ce mata. "Malama, ɗalibinki ya iso." Ita kuma, "Je ka tsaya bakin ƙofa da sauran makararru." Wata rana ya rubuta, "Yau firjin mai kifi na gyara, ƙudaje sun rako ni har gida." Ta ce, "Ka yi wanka kafin ka taɓa min jikoki." Na yi dariya ni kaɗai a cikin tabarau ɗari uku, duk suna kallona.

Shekara talatin da ɗaya Mama ta yi tana koyarwa a firamare, ita ce mai tsayawa a ƙofa da rajista. Gidanmu jikin katangar makarantar yake, in aka buga ƙararrawa har cokulanmu suna amsawa. Ni tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofa ina tsaye da jakata, daga nan aka sa min Agogo. Yaya kuwa sai an gama taron safe za ka hango shi tafe, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana tauna burodi. Mama ta kalli agogon hannunta, ta rubuta lokacin a gaban sunansa kamar ba ita ta tashe shi sau huɗu ba. In malamai suka tsokane ta sai ta ce, "A gida ɗana ne, a nan Ina-Hanya ne." Sunan da ya bi shi ke nan, don ko daga banɗaki ka kira shi abin da zai ce maka ke nan.

Har yau ba ta daina rajista ba. Ranar da aka yi ruwan farko, ranar da aka canza mata magani, ranar da kazar Inna ta fara ƙwai, duk suna ciki, da layi da aka ja da rula.

Na ɗauko "ɗalibinki ya iso" na sa a na gobe. Na ji kamar na sa rigarsa ba da izini ba.

Asabar 8, ƙarfe 5 na yamma

Babu canji.

Lahadi 9, ƙarfe 11 na safe

Bai karɓi abinsa ba. Na jera bakwai, zuwa Lahadi mai zuwa.

Na buɗe masa sabon akwati na sa masa suna "Bakin Yaya", ina tara tsofaffin saƙonninsa waɗanda ba su da rana a jikinsu, waɗanda za a iya maimaitawa. Na zafi, na cunkoson hanya, na ƙorafin masu firji. Waɗanda suka wuce shekara uku kawai nake ɗauka, in canza kalma ɗaya ko biyu. Aikin ya yi tsaf, har kunya ta kama ni da na ga yadda ya yi tsaf.

Wajen wannan binciken na ci karo da wani abu. A ƙasan hirarsu akwai saƙon da aka fara rubutawa ba a aika ba. Ranar Talata, ƙarfe 10:52.

"Malama yi haƙuri na makara, ina kan wani aiki, in na sauko zan"

Iyakarsa ke nan. Na kife wayar a kan tebur. Ban taɓa shi ba, kuma ban gaya wa Matar Yaya ba.

Na aika nawa na Lahadi daga tawa wayar. Ƙarya biyu ke nan a rana ɗaya, ɗaya daga kowane aljihu.

Litinin 10, ƙarfe 4:10 na yamma

Masu firji sun ishe ni. Wayar tana ta zillo a aljihuna ina tsaka da gwada wa wata mata tabarau. Na kunna amsa mai tafiya da kanta ga duk lambar da ba ta cikin akwatin gida: "Mai gyara ba ya nan na ɗan lokaci. A yi haƙuri." Wani ya mayar, "Dama yaushe ya taɓa kasancewa nan?" Raina ya ɓaci, na fara rubuta masa baƙar magana, sai kuma na ga gaskiyarsa. Can ƙasa sai ga wata mai sayar da ƙanƙara: "Shekara takwas yana ce min yana hanya, amma bai taɓa bari kayana sun narke ba. Allah ya sa lafiya." Wannan na ajiye shi, zan karanta masa.

Talata 11, ƙarfe 7:30 na safe

Ya tafi bakwai daidai. Mako ɗaya.

Laraba 12, ƙarfe 1:15 na rana

Amsar Mama ta yau: "Kada ka riƙa tsallake abincin rana. Na san halinka in abu ya dame ka."

Yaya da tsallake abinci? Mutumin da ranar da aka binne Baba ya shiga kicin yana kuka yana kankare tukunya? Tsufa ya fara taɓa Mama. Ko maganin ne.

Ni ma dai ban ci ba. Bari in tashi.

Juma'a 14, ƙarfe 6 na yamma

Nas ta ce a riƙa yi masa magana, wai suna ji. Na zauna na rasa ta cewa. Shekara arba'in shi ke magana ni ina duba agogo. Sai na karanta masa saƙon mai ƙanƙara, sannan na tuna masa agogon Baba.

Na bango ne, mai katako, a falo yake sama da kujerar Mama. Yaya yana sha biyu ina takwas, wata Asabar ba kowa a gida, ya sauke shi ya kwance shi kaf a kan tabarma wai yana son ganin abin da ke yin ƙarar. Na yi kuka har da birgima. Ya ce, "Yi shiru mana, sannu ba ta hana zuwa." Ya mayar da shi kafin su dawo, kusoshi uku suka rage, ya ba ni ya ce in riƙe amana. Agogon ya ci gaba da tafiya, sai dai tun daga ranar kullum yana baya da minti goma, ko sau nawa aka saita shi. Baba ya so ya kai shi wajen mai gyara, Mama ta hana. Ta ce a bar shi, gidan nan dama lokaci biyu ne a cikinsa.

Kusoshin suna nan a gwangwanin da nake ajiye maɓallai. Na gaya masa. Na'urar da ke gefensa ta ci gaba da ƙararta yadda take yi.

Asabar 15, ƙarfe 12 na rana

Mun yi faɗa da Matar Yaya a wajen matakala. Ba mu taɓa yi ba.

Ta ce, "A gaya wa Mama."

Na ce, "Anti, kin manta abin da likitanta ya ce? In wani abu ya same ta fa?"

Ta ce, "In wani abu ya same shi fa, ba ta gan shi ba? Kai za ka tsaya gabanta ka ce mata kwana nawa tana hira da waya?"

Na ce mata ai zai farka. Ta ce ita ma uwa ce, 'yan matanta biyu in ɗaya ta yi tari a makaranta tana ji a jikinta. Na ce a ƙara mako ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Kai komai sai ka sa masa lokaci." Ta haye sama ta bar ni.

Tsoro nake ji, shi ke nan. In na faɗa, ina iya rasa Mama. In ban faɗa ba, tana iya rasa ganinsa. Asabar ta ƙarshen wata kuma ranar zuwansa wajenta ce, bai taɓa fashi ba. Saura mako biyu.

Lahadi 16, ƙarfe 10 na safe

Na jera bakwai.

Litinin 17, ƙarfe 3:40 na rana

Na ba wani dattijo tabarau na wata yarinya. Ya saka ya ce duniya ta karkace. Oga ya kira ni ciki ya ce in ɗauki hutu. Na ce a'a. In na zauna a gida me zan jera?

Laraba 19, ƙarfe 7:40 na safe

Ya tafi bakwai daidai. Na lura ta daina tsokanarsa. Na aika mata na mai kifi da ƙudaje, na canza shi zuwa mai nama, ta ce kawai, "Allah ya ba da sa'a. Ka huta in ka samu dama." Ko maganar wanka babu. Ba ta tambayi jikokinta ba, ba ta tambayi zuwansa na ƙarshen wata ba. Ya kamata in ji sauƙi.

Ranar da za a yi mata aikin zuciya, ni tun shida ina bakin ɗakin da takardu a jere cikin fayil. Yaya bai iso ba sai da aka riga aka tura ta ciki. Na zazzage masa ta cikina a gaban mutane. Ya zauna a benci. Ni na fita sau goma, shan iska, amsa kiran shago, sayen ruwa. Shi awa goma sha ɗaya bai ɗaga ba. Da ta farfaɗo, fuskarsa ta fara gani. Daga baya ta ce min, "Yayanka ba ya zuwa da wuri, amma in ya zo ba ya tafiya." Na ji haushi a lokacin.

Alhamis 20, ƙarfe 5 na yamma

Babu canji.

Juma'a 21, ƙarfe 5 na yamma

Babu canji. Akwatin "Bakin Yaya" ya kusa ƙarewa. Na gwada ƙirƙiro ɗaya da kaina, ya fito kamar sanarwar isowar tabarau.

Lahadi 23, ƙarfe 6:30 na yamma

Zazzaɓi tun safe. Sun fitar da mu sau biyu. Likita ya tsaya da mu a baranda, ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga, abin da nake hana mutane kullum. Ya yi tambaya a kan iyayenmu, ko suna kusa. Matar Yaya ta kalle ni. Da wannan kallon gara ta zage ni.

Ba zan koma gida ba yau.

Litinin 24, ƙarfe 8:50 na safe, a cikin mota

Rubutun zai karkace, hanyar ba kyau.

Na manta. Ni, Agogo. Jiya Lahadi ce ban jera komai ba, layin ya ƙare, ko tunawa ban yi ba. Ina kan bencin baranda da safen nan, nas ta fito ta ce zazzaɓin ya ɗan sauka, ina cikin yin hamdala sai waya ta yi motsi. Na kai hannu aljihun dama. Ba ita ba ce. Tawa ce. Ƙarfe 7:09.

"Agogo, bakwai ta wuce. Ɗana ya rasu ne? Faɗa min gaskiya, a zaune nake."

Ban san yadda na rubuta ba. "Yana da rai Mama. Wallahi yana da rai. Ga ni nan zuwa."

Ta ce, "To. Jakata a haɗe take."

Na nuna wa Matar Yaya. Ta karanta, ta toshe bakinta, ta tura ni da hannu ɗaya wajen matakala.

Litinin, ƙarfe 7:15 na yamma

Mun iso. Tana ciki wajensa, ita da Matar Yaya. Bari in rubuta tun ban manta yadda ta faɗa ba.

Na same ta a falo a kujerarta, ƙarƙashin agogon Baba, ta yi shirin fita har da takalmi, jaka a gefen ƙafarta. Inna tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na durƙusa a gaban Mama yadda za ta ga bakina, na gaya mata komai da ƙarfi, har maganar tsanin. Inna ta saki salati, ludayin ya faɗi. Mama ba ta motsa ba. Ni idona yana kan ƙirjinta, ina ƙirga numfashinta.

Da na gama ta ce, "Miƙo min rajista."

Ta buɗe wajen ƙarshe ta juyo min da ita. Shafi ne guda na Yaya, an ja masa layi da rula, rana a hagu, lokacin shigowar saƙonsa a dama. Ban taɓa sanin tana yi ba. Inna ta ce littafi na shida ke nan. Na bi da ido: 9:14, 1:30, 11:05, 5:48, 8:20. Sai daga ranar shida ga wata: 7:00, 7:00, 7:00, har ƙasa, guda goma sha takwas, a miƙe kamar an dasa su.

Ta ce, "Alhamis na ce ikon Allah. Juma'a na yi shiru. Asabar na jawo jaka daga ƙarƙashin gado. Yaron da ya ƙara kwana goma sha ɗaya a cikina? Shekara shida yana firamare, gidanmu yana jikin makaranta, ban taɓa rubuta masa ya zo kan lokaci ba, sai yanzu da furfura? Mutum ɗaya na haifa mai bakwai daidai."

Na ce, "Mama, me ya hana ki tambaya?"

Ba ta ji ba, sai da na maimaita.

Ta ce, "Tsoro. In na tambaya ai za ka faɗa. Sai na ce a raina, muddin saƙon nan yana zuwa, yana numfashi. Na san ka. Za ka iya ɓoye min ciwo, amma ba za ka iya rubuto min da sunan wanda ya tafi ba. Kullum bakwai saura kwata nake zama da wayar a hannu. In ta yi motsi in ce alhamdulillahi, an ƙara mana rana." Ta rufe rajistar. "Minti taran nan na yau, Agogo, kada Allah ya maimaita mana."

Na kifa kaina a gwiwarta. Rabona da haka tun ranar agogon. Ta bar ni na yi kuka mai isata, sannan ta ɗago haɓata ta duba wuyana ta ce, "Abincin ranar da nake ta faɗa, da wa ka zata nake? Dube ka kamar tsinke."

Inna ta ce, "Wato ni kaɗai ce bare a gidan nan? Ina ta ganin jaka na zata tsufa ne!" Mama ta ce, "Ke da an gaya miki, da kazarki ma ta ji."

Na kawo maganar zuciyarta da doguwar hanya. Ta ce zuciyar da ta ɗauki zato kwana goma sha shida ba gaskiya ce za ta kayar da ita ba, kuma ta sha maganinta. Ta kalli agogon Baba ta ce mu tashi, mun fi abin da yake nunawa makara.

A mota ta riƙe hannuna har muka iso. Ba ta ce ta yafe min ba, ban kuma roƙa ba tukuna.

Talata 25, ƙarfe 2:30 na rana

Likita bai ce komai sabo ba. Zazzaɓin bai dawo ba. A jira.

Sun ba Mama kujera kusa da taga. Tana yi masa magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa, har na gadon can ƙarshe yana saurare. Ta gaya masa kazar Inna ta daina ƙwai. Ta gaya masa firjinta yana ƙara tun wancan watan, kuma ba za ta kira wani ba.

Na kashe amsar masu firji, na goge akwatin "Bakin Yaya". Sannan na kai mata wayar, na nuna mata wanda bai aika ba. Ta gyara tabaranta, wanda ni na zaɓa mata, ta karanta. Ta sake karantawa. Matar Yaya ta leƙo ta kafaɗarta, ta juya ta fuskanci bango.

Na ce, "Naki ne. In tura miki?"

Ta ce, "Kai ka fara shi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To bar shi inda mai shi ya bar shi. Shi zai ƙarasa." Ta sa wayar a kan durowar gefen gadonsa, wajen hannunsa na dama, ta ce in kawo abin caji in jona.

Laraba 26, ƙarfe 7:10 na safe

Bakwai ta yi, babu abin da ya tafi. Aljihuna na dama ba komai, sai kai hannu nake yi.

Mama ta buɗe rajista a cinyarta, ta ja layin yau da rula, ta rubuta rana, ta bar gefen dama fari. Nas ta zo canza ruwa, ta ce, "Mama, da kin je gida kin ɗan kwanta, ba a san lokacin da zai farka ba." Ba ta ji ba. Na matsa na faɗa mata a kunne.

Ta ce, "Bar ni, 'yata. Wannan tun yana ciki nake jiransa, kuma bai taɓa ƙin zuwa ba."